Masu Korar Hadari

Dubovitsa ta Ƙasa, 14 ga Yuni

Ƙanena Obrad,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Zagorka. Ni da sauƙi, in ban da gwiwa da kunnen nan da ya hana ni jin magana a waya. Ko da ina ji ma, wannan ba zancen waya ba ne. Tihomir mai motar madara zan ba takardar, na kuwa liƙe bakinta sau biyu don na san halinsa. In ka ga alamar an buɗe, ka gaya mini.

Yau kwana arba'in da ɗaya rabonmu da ruwa. Masara ta naɗe ganye, rijiyata ta ƙafe tun farkon wata. Rumenka da Belka a burtsatsen maƙwabcina Budimir suke sha, safe da yamma. Ka san shanun nan biyu su ne cina, su ne shana, su ne kuma abokan hirata tun da maigidana ya rasu.

Ranar Talata hadari ya haɗo ta yamma, baƙi ƙirin, har na kwashe shanya. Muna tsaitsaye a ƙofar gida kowa ya ɗaga kai, sai muka ji roka ta tashi daga tudunku. Huɗu na ƙirga. Kafin in gama shan kofi sama ta washe tas, ko ɗigo bai sauka ba.

A shagon gari cewa ake ku masu harba roka ba ƙanƙara kuke kora ba, ruwa kuke kora. Wai yanzu ne ake tsinkar malina, jajayen 'ya'yan itacen nan masu laushi, a gonakin Milisav mai gidan sanyin da ake adana su, ruwa kuwa ruɓar da ita yake, shi ya sa yake cika muku aljihu ku tsare masa sama. In na shiga shagon sai hira ta mutu. Jiya matar Budimir, Stamena, ta tambaye ni lafiyarka da wata irin murya, alhali shekara talatin ba ta taɓa tambaya ba.

Ni na raine ka, Obrad. Na san kunnenka ja yake yi in ka yi ƙarya, abin haushi a takarda ba zan gani ba. Gaya mini gaskiya, nawa yake ba ka?

Ka gaishe da Zagorka. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Desanka

*

Dubovitsa ta Tudu, 17 ga Yuni

Yaya Desa,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Takardarki ta iso bakinta a liƙe, warin madara kawai take yi. Zagorka tana amsawa.

Na karanta sau uku kafin in iya ɗaukar biro. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, yau kuma yayata ce ke tambayata nawa aka saye ni.

Bari in faɗa miki yadda abin yake, ko da kin sani. Ba ni nake zaɓar lokacin harbi ba. Tashar da ke duba gajimare ce ke kirana ta oba-oba, su ba ni lambobi, in juya bakin ƙarfen yadda suka ce, in danna. Abin da ke cikin rokar ƙanƙara yake hana wa girma, don ta narke kafin ta iso ƙasa. Hadarin Talata ƙanƙara ce fal cikinsa. Ke da kika ga shekarar da ta farfasa rufin gidan Baba, ta kashe mana kaji a tsakar gida, ai bai kamata in tuna miki ba. Milisav kuwa ko hannu ba ya ɗaga mini in ya wuce a mota.

Makon jiya wata jami'ar gona ta tara mu a makaranta. Ta nuna mana zafin shekara arba'in a jere, kowane goma ya fi na bayansa. Ta ce sauyin yanayi ne, dusar ƙanƙara ta ragu, ƙasa ba ta ƙoshi kafin bazara, kuma rijiyoyi na ƙafewa har a garuruwan da ba su taɓa ganin roka ba. Shawararta a rage masara a gwada dawa, don ta fi jure fari kuma shanu na cin ta, a kuma haƙa tafki a tare ruwan lokacin sanyi. Ta raba iri na gwaji, na ajiye miki buhu guda na baɗi.

Abokin aikina ya tafi Jamus tun Afrilu, ni kaɗai ne a kan tudun, ko coci ba na iya zuwa in sama ta ɓata fuska. Wa ya fara wannan magana a shagon? Ina son suna.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Obrad

*

Dubovitsa ta Ƙasa, 29 ga Yuni

Obrad,

Ina gaisuwa. Bayani ka yi mai kyau, kamar a rediyo. Sai dai tambayarka na yi nawa, ka amsa mini da shekara arba'in.

Dawa! Abin da muke tsintsiya da shi za mu shuka mu ci? To na baɗi kyauta ne, bayan baɗi fa wa zai sayar mana da irin? Ka bincika mini ko jami'ar nan taku ba ta da dangi a gidan sanyi. Suna kuma ba zan ba ka ba, don sai in rubuto maka sunan gari duka.

Yanzu ga abin da ya sa na makara da amsa. Ranar Alhamis hadari ya sake tasowa, da irin farin gefen nan da Mama ke cewa ƙanƙara ce. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Na ɗauko gatari na kafa shi a tsakar gida, kaifin yana kallon sama, na ajiye burodi da gishiri a kan ɗan tebur, yadda Mama ke yi don ƙanƙara ta kauce wa gida. Hadarin ya tsaya kamar yana shawara, ya juya ya yi gabas. Ba ruwa, ba ƙanƙara. Ku ma ban ji kun harba ba.

Ina juyowa sai ga kan Stamena a kan shinge. Cewa ta yi, “Sannu da aiki, Desa. Ashe abin na gida ne, ƙane da roka, yaya da gatari.”

Na ce mata ita ma uwarta haka take yi, duk garin nan wa bai taɓa kafa gatari ba? Ta ce a shekarar ruwa ake kafawa, ba a shekarar da mutane ke roƙon ɗigo ba. Kafin yamma labari ya zaga gari. Yanzu in na wuce, mata har gicciye suke zanawa a ƙirji.

Da na kai shanu sha, Budimir ya tsaya ya dafa famfon bai kunna ba. Ya daɗe yana kallon Belka, sannan ya ce, “Maƙwabciya, ruwan nan kaɗan ne. Na mutanenmu ne. Sai mutum ya nuna ko namu ne.” Ya kunna dai daga baya.

Abin da ba zan iya gaya wa kowa ba sai kai shi ne tsoro nake ji. Ba tsoron Budimir kaɗai ba. In gatarin ba ya aiki, me ya sa hadarin ya juya? In kuwa yana aiki, to ni na kori ruwan mutane. Ya kuke yi ku da kuke harbi, kuke iya cin abinci bayan haka?

Sai na ji daga gare ka.

Desanka

*

Dubovitsa ta Tudu, 3 ga Yuli

Yaya Desa,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Barka da shigowa ƙungiyar masu korar hadari, yanzu mun zama biyu. Zagorka ta yi dariya har ta ƙware, ni kuwa ban yi ba.

Gatarinki bai kori komai ba. Ran nan na tambayi tasha, suka ce iska ce daga sama ta kwashe hadarin, shi ya sa ma ba su kira ni ba. Kin ga an zarge ki a kan abin da ba ki yi ba, kuma rantsuwa ba ta fisshe ki ba. Haka nake tun bara.

Wani abu ya faru a nan. Shekaranjiya na tarar da sawun takalma kewaye da rumbun da nake ajiye rokoki, an kuma karce kwaɗon. Mutanen tudu ba sa zuwa wurin. Ke kaɗai na rubuta wa cewa ni ɗaya ne a nan. Ba zarginki nake ba, tambaya ce. Kin faɗa wa wani?

In Budimir ya matsa, ki sanar da ni. Ruwanmu ma ya yi ƙasa, shanu biyu ba za su samu ba, amma zan nemi dabara.

Allah ya ba mu ruwa.

Ƙanenki,
Obrad

*

Dubovitsa ta Ƙasa, 12 ga Yuli

Ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da begen ganinka, da fatan kai da Zagorka kuna cikin ƙoshin lafiya. Na yi tunani, na ga na yi maka kaushin baki. Ka yafe wa tsohuwa, zafi ne.

Jiya na je maƙabarta. Fari ya tsaga ƙasa a kan kabarin Mama, dutsen ya karkace, sai ka ce zai faɗo. Ni kaɗai ba zan iya ba. Ka daure ka sauko ranar Asabar mai zuwa, 19 ga wata, da sassafe, mu gyara tare. Zan dafa maka wake da busasshen nama yadda kake so, ka wuni, kada ka yi gaggawar komawa. Ka zo da Zagorka ma ta sha iska.

Abokin aikin naka har yanzu bai dawo ba ko?

Shanu lafiya lau, suna shan ruwa. Budimir yana gaishe ka.

Taka har kullum,
Yaya Desa

*

Dubovitsa ta Tudu, 14 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Na duba rubutun da kyau, hannunki ne. Maganar ce ban gane ta ba.

Shekarata hamsin da bakwai, ba ki taɓa ce mini abin ƙauna ba. Ran aurena ma cewa kika yi rigata ta yi mini yawa. Ba ki taɓa ba ni haƙuri ba, ba ki taɓa gayyatar Zagorka ba sai dole. Ba ki amsa tambayata ta sawun takalma ba, sai ga taki tambayar a kan abokin aikina. Budimir kuma, wanda ya dafa famfo, yau shi ke gaishe ni.

Ga yadda na karanta takardarki. Ranar Asabar ina durƙushe a kabarin Mama, Zagorka na cin wake, mutanen ƙasa kuma suna kan tudu da guduma. Wannan ne abin da za ki nuna musu don a ce ke tasu ce, shanunki su ci gaba da sha. In na yi kuskure, na yi miki babban laifi, ki zage ni son ranki, zan fi jin daɗin zagin a kan wannan gaisuwar.

Zagorka ta ce in kai wa 'yan sanda. Na ƙi, don sunanki ne zai fara fitowa.

Na san abin da zai biyo baya. In aka fasa wurin alhali na bar shi a tsakiyar lokacin ƙanƙara, aikina ya ƙare, kuma har kaka ba mai tsare saman ƙauyukan nan biyu. Amma na san Rumenka tun tana maraƙa, na kuma san yadda gidanki zai zama in babu su. Saboda haka zan zo, da shebur da siminti.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya wa wanda ya tsaya a kanki kika rubuta, ƙarfen harbin da ke waje su yi yadda suka ga dama da shi, amma kada su taɓa rumbun. Abin da ke ciki ba a dukansa da guduma, kuma a cikin masu hawowa akwai waɗanda muka yi makaranta tare.

Sai Asabar.

Obrad

*

Dubovitsa ta Ƙasa, 17 ga Yuli

Obrad,

Gaisuwa. Kada ka zo.

Kabarin ya tsage da gaske, amma Mama za ta jira. A teburin Stamena na rubuta waccan takardar, Budimir na tsaye. Maganar abokin aikinka ma ni na faɗa, tun kafin su tambaya, don in nuna ina da labari. Kunya ta ishe ni.

Yau da safe wani mai sayen shanu ya zo da mota. Belka ta hau ba gardama. Rumenka ta ƙi, sai da na shiga cikin motar da kaina na kira ta, ta biyo ni. Na sauko na bar ta a ciki.

Na je na ce wa Budimir ya riƙe ruwansa, kuma Asabar za su same ka zaune a bakin rumbunka. Wannan ce takarda ta ƙarshe da Tihomir zai ɗauka, tun da babu madarar da za ta tsayar da shi a ƙofata.

Kada kuma ka ɗauka na wanke ka. Roka huɗu na ƙirga ran Talatar nan, sama ta washe a kan idona. Wannan magana tana nan, ban janye ba.

Ka sauya kwaɗon.

Yayarka,
Desanka