Hoton Baba Ya Fito, Babu Murya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidan, ya su Ummi? Ya sanyin Jos? Mu nan Tiga lafiya lau, sai dai kwamfuta ta kusa tsofar da ni.

Kin san katin bidiyon da Yaya Sani yake kwashe kaset zuwa kwamfuta da shi a shago? Tunda aka ɗora wa kwamfutar sabon tsari ta daina ganinsa. Ga kaset ɗin walimar saukarki ya fara fumfuna, kuma nan kaɗai muke da Baba, Allah ya jiƙansa. Na cire katin, na hure, na mayar. Har Kano na kai kwamfutar gyara a bas, a kan cinyata. Jiya dai hoto ya fito, amma babu murya.

Na ce, "Inna, bai gyaru ba." Ta ce, "Bar shi haka, Rabi." Ta zauna tana kallon bakin Baba, tana faɗa mini abin da yake cewa, har faɗan da ya yi wa mai ɗaukar bidiyon.

Ni dai muryarsa nake so. Don Allah ki cigita mana sabon faifan manhajar da ke sa katin aiki, kafin kaset ɗin ya mutu. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutan gidan.

Ƙanwarki,
Rabi