Na kai ta ta yi zaɓen hukumar makarantu alhali ba 'yar ƙasa ba ce

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, a kuma sassauta min wajen zagi, domin duk abin da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina har da ƙari. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni Bakanuwa ce, ina zaune a garin Laurel da ke jihar Maryland a Amurka, da mijina da 'ya'yanmu. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Halina guda da kowa ya sani shi ne iyayi. Ni ce mai karanta wa mata takardar da aka aiko daga makarantar yara, ni ce mai raka su wurin likita, ni ce in aka yi tambaya ko ban sani ba sai na ba da amsa. Mijina har tsokanata yake yi da Barista, ni kuma sai in ji daɗi, ban san ba'a yake min ba. Wannan halin ne ya jefa wata baiwar Allah cikin masifar da har yanzu ba ta ma san tana ciki ba.

Zan kira ta Yaya Hadiza, ba sunanta ba ne. 'Yar Damagaram ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma mun haɗu tun muna haya a bene ɗaya a Silver Spring. Lokacin da na yi haihuwar fari ba ni da kowa a ƙasar nan, an hana mahaifiyata biza. Yaya Hadiza ce ta yi min wankan jego a bahon Turawa, tana tafasa ruwa a manyan tukwane tana ɗauka da hannunta, ta dama min kunun kanwa, sannan ta bi bas ta tafi wurin aikinta na kula da tsofaffi. Karatunta na boko kaɗan ne, shi ma da Faransanci. Tana da girin kad, wato takardar zama, amma ba ta zama 'yar ƙasa ba. 'Ya'yanta kuwa duk a nan aka haife su, irin waɗanda za ka yi musu Hausa su ba ka amsa da Turanci.

Ga wanda ba ya nan, bari in yi bayani. Makarantun gwamnati na kowace gunduma suna da hukumar da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Ita ke yanke ranakun hutu, da maganar bas ɗin yara, da unguwar da za ta je wace makaranta. Mu abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne Sallah. Ko dai yaro ya je idi ya rasa darasi, ko yarinya ta tafi aji da lalle a hannu tana rubuta jarrabawa ana can ana cin tuwon Sallah babu ita. To, a wata shekarar zaɓe sai ga wata mata ta fito takara, ta ce in ta shiga hukumar za ta yi magana a kan hutun Sallah. Ni kuma a lokacin ban daɗe da yin rantsuwar zama 'yar ƙasa ba, fasfo ɗina ko lanƙwasa bai yi ba, ina ji da kaina kamar ni na kafa Amurka. Na je ofishin kamfen ɗinta da ƙafata, na ce musu ni ce shugabar matan Hausawa na yankin. Wa ya naɗa ni? Babu. Na ce zan tara mata mata, kuma zan kawo mata ƙuri'u.

Na haɗa taron a falon wata Hajiya a Lanham. An yi masa, an yi miyar taushe, falo ya cika har ana zama a kan matakala. 'Yar takarar ta zo ta cire takalmi a ƙofa, ta yafa ɗan mayafi, mata suka yi ta guɗa. Ni ce tafinta, ina tsaye a gefenta da sabon leshi. Tana faɗa da Turanci ina juyawa da Hausa, har ina ƙara gishiri. Da ta zo ƙarshe sai ta ce, a fili, ba ta ɓoye ba: duk wadda ta zama 'yar ƙasa ta je ta yi rajista, wadda ba ta zama ba kada ta yi, amma za ta iya taimakawa wajen raba takardu da gaya wa maƙwabta. Na ji maganar nan sarai. Na dubi falon, na ga in aka cire masu girin kad da masu jiran takarda, abin da zai rage bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ina zan sa fuskata, ni da na yi alkawarin ƙuri'u? Sai kawai na buɗe baki na ce, "Ta ce kowa ta je ta yi rajista, zaɓen makarantar 'ya'yanku ne." Rabin maganar na haɗiye shi. Aka yi tafi, ita ma 'yar takarar tana tafi, ba ta san abin da na faɗa ba.

Kada ku ce ban sani ba, kada kuma ku ce na sani. Abin da na yi ya fi duka biyun muni: na yi wa kaina fatawa. Na taɓa jin cewa akwai wani ƙaramin gari kusa da mu da ke barin waɗanda ba 'yan ƙasa ba su zaɓi shugabannin garin. Sai na ce ai balle makaranta. A raina na mayar da abin kamar zaɓen ƙungiyar iyaye da malamai na gida, inda duk mai ɗa a makaranta yake ɗaga hannu. Waya ɗaya zan buga in tambaya a faɗa min gaskiya. Ban buga ba, saboda ina tsoron amsar.

Sauran matan, Allah Ya taimake su da halinmu na cika baki a taro. Wata aiki ya hana ta, wata mijinta ya ce ba ruwansa da siyasar Turawa, wata ta manta. Yaya Hadiza ce kaɗai ta biyo ni. Ta ce, "Maman Ilham, ni ban iya lamarin nan ba, amma tunda ke kika ce, kuma don lakwal ɗin yara ne, ki cika min." Lakwal makaranta ke nan a bakin mutanen Nijar. Na zauna a teburin kicin ɗinta na cika mata takardar rajista. Da na zo wurin da aka tambaya ko ke 'yar ƙasa ce, hannuna ya ɗan tsaya. Ta lura. Ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Ba komai Yaya, biron ne ba ya kamawa." Na sa alama a kan eh, na nuna mata inda za ta sa hannu.

Ranar zaɓe ta roƙi wata ta karɓe ta a wurin aiki, ta ci ado da atamfa kamar mai zuwa suna. A mota na yi ta karanta mata darasi. Na ce takardar ƙuri'ar doguwa ce, akwai gwamna da 'yan majalisa a sama, kada ta taɓa su, waɗannan na 'yan ƙasa ne, ta gangara ƙasa wurin makarantu ta cike da'irar sunan matar nan kawai. Kun ji irin hankalina? Wai in ba ta taɓa gwamna ba, ba ta yi zaɓe ba. Ta fito tana murmushi, an manna mata 'yar sitikar nan da ake ba wanda ya jefa ƙuri'a. Ta ce, "Ko a Nijar ban taɓa yi ba, sai ga shi na yi a Amurka. Allah Ya saka miki, ƙanwata." Ni kuma na ce amin, ko kunya ban ji ba.

Matar ta ci zaɓe da rata mai yawa, ƙuri'ar Yaya Hadiza ba ta ƙara mata komai ba. Maganar hutun Sallah aka yi ta zama a kanta ana ɗagawa. Na sake haɗuwa da 'yar takarar a wani taron makaranta, na nufe ta da fara'a, ta rungume ni ta kira ni da sunan wata. A kan wannan na sayar da matar da ta yi min wankan jego.

Shekaru suka wuce, na binne maganar. Sai bana Yaya Hadiza ta ce za ta nemi zama 'yar ƙasa, don tana son ta ɗauko tsohuwarta da ciwon ƙafa ya kwantar. Ta dage, tana haddace tambayoyin tarihi a cikin bas, 'yar autarta na yi mata dariyar yadda take kiran sunayen. Makon da ya wuce ta zo gidana da rana in yi mata gwajin intabiyu. Ina karantowa tana amsawa, har muka zo kan tambayar da ke cewa, kin taɓa yin rajista ko jefa ƙuri'a a wani zaɓe a ƙasar nan? Ita kuwa sai ta tafa hannu ta ce, "Yawwa, wannan kam na ci! Eh mana, ba ke kika kai ni ba?" Na ce mata bari in duba girki, alhali ban ɗora komai ba. Na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Washegari a lokacin hutun cin abinci na fita wurin ajiye motoci na kira wani lauyan shige da fice, na ce wata ƙawata ce abin ya shafa. Bai yi min kwana-kwana ba. Ya ce a wurin doka zaɓen hukumar makarantu zaɓe ne, kuma cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba babban laifi ne. Ya ce za a iya hana ta zama 'yar ƙasa, kuma abin zai iya kaiwa ga neman a kore ta daga ƙasar. Ya ce in ta amsa da a'a ta yi ƙarya a ƙarƙashin rantsuwa, kuma sunanta na nan a rajista. Ya ce kada ta kuskura ta miƙa komai sai ta zauna da lauya. Sannan ya tambaye ni, "Wa ya cika mata takardar?" Ya ce in akwai wanda ya ruɗe ta, kuma zai yarda ya faɗi haka a rubuce da rantsuwa, mai yiwuwa ya taimaka mata, ko da yake babu tabbas, amma shi ma mutumin ya nemi nasa lauyan, domin abin zai iya juyowa kansa. Na gode masa na kashe wayar.

Tun ranar ba na iya haɗa ido da kowa. Mijina bai sani ba. Ya tambaye ni me ya same ni, na ce gajiyar aiki ce. Ta yaya zan ce masa Baristarsa ta yi aika-aika? In na fito na faɗi gaskiya, ina tsoron aikina, ina tsoron kotu, ina tsoron bakin matan da suka yi min tafi a Lanham. Har shaiɗan ya raɗa min wata dabara: in ce wa Yaya Hadiza kawai ta haƙura da neman, ana tsanantawa bana, ta ci gaba da zama da girin kad ɗinta. Na san za ta yarda, don duk abin da na ce yarda take yi. Amma tsohuwarta fa? Kuma in yaudare ta karo na biyu don in rufe na farko? In kuma aka raba ta da 'ya'yanta saboda ni, da wane ido zan kalli yaran da suke ce min Anti?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, ɗazu ta kira ni. Ta ce ranar Asabar za ta zo in cika mata takardun neman, ba ta yarda kowa ya taɓa mata su ba sai ni, wai hannuna yana da albarka. Kafin in ce wani abu ta ƙara da cewa, "Maman Ilham, kin tuna 'yar sitikar nan ta ranar zaɓe? Tana nan, na adana ta a cikin jakar fasfo. Ranar intabiyu zan tafi da ita in nuna wa ma'aikacin, ya san tun ban zama 'yar ƙasa ba nake ƙaunar ƙasar nan." Tana dariya, tana jiran in yaba mata. Ni kuma na ce, "To Yaya, Allah Ya kai mu Asabar ɗin."

Na san na ci amana, ba sai an faɗa min ba. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara: mijina, ko lauya, ko in durƙusa a gabanta in gaya mata rabin maganar da na haɗiye a falon nan. Jama'a, Asabar jibi ce, kuma za ta shigo min da sallama, da takardunta, da sitikarta. Me zan yi?