Shirun Sifana

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jiki da sauƙi. Ka gaida Yaya, Allah ya saka mata da alheri kan wannan jinya.

Har yanzu in na rufe ido ranar nake gani. Ina zaune bakin taga, saura shafi kaɗan in gama littafin nan mai jan bango, wanda kake cewa ya fi ka samun kulawa a gidan nan, sai na ji ƙara daga wajen garejinka kamar sama ta faɗo. Ko da na iso, babbar motar da birki ya ƙwace wa tana cikin rumfarka, an riga an ɗauke ka zuwa asibiti. Ban ga komai naka ba sai takalmi ƙafa ɗaya. Karenka Sifana ne kawai a gefen taya, yana wani irin kuka da ban san kare na yi ba.

An ce an ɗaure maka muƙamuƙi da ƙarfe, ba ka iya magana, shi ya sa na ɗauki biro. Abokinka direban bas ya ce zai riƙa kai mana takarda. In na kira Yaya, "da sauƙi" kawai take cewa ta kashe. Wane irin sauƙi? Me ya sa aka ce kada in zo?

Saƙonka ya iso cewa in kula da Sifana. Likitar dabbobi ta yanke masa ƙafar baya ta hagu, ta ce ba ta gyaruwa. An kawo shi gida, na shimfiɗa masa tsohon bargo a ɗakin ajiya. An sa masa wani abu a wuya kamar mazurari don kada ya lashi ɗinkin. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in riƙa cusawa cikin hanta ina ba shi safe da yamma.

Ka san ni da kare. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kusantarsa ba, shi ma kallon baƙuwa yake min. Daga bakin ƙofa nake tura masa kwanon da sandar tsintsiya. Wurin da aka yanke kuwa, wallahi ba na iya kallo. An aske gashin, fatar ta kumbura, ga zare baƙi kamar an ɗinke bakin buhu. Sau ɗaya idona ya faɗa kai, sai da na yi amai. Yanzu zane nake jefa masa daga nesa ya rufe wurin. A littafi in jarumi ya ji ciwo, ɗan tabo ne a gefen gira da ke ƙara masa kyau. Ba wanda ya taɓa rubuta irin wannan.

Ina tsoro. Ka rubuto min da hannunka in ga rubutunka.

Taka har kullum,
Matarka.

*

'Yar Littafi,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, doguwa kamar ta mai neman aiki.

Lafiyata lau. Bakina ne kawai aka kulle, Yaya ta ce ta huta. Kada ki zo. Hanya da nisa, ɗakin cike yake da maza, kuma in kin taho wa zai ba Sifana magani? Tun yana ɗan kwikwiyo na tsince shi cikin tsohuwar taya, ba shi da kowa sai mu.

Yana cin abinci? Ya fara tashi? Wurin da aka yanke, har yanzu ba kya iya kallo? Ki faɗa min gaskiya.

Ki kulle ƙofar gareji da babban kwaɗo. Ki ci abinci, littafi ba ya cika ciki.

Mijinki.

*

Maigidana,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wajen ninki. Na sa ta cikin littafin nan mai jan bango, a shafin da na tsaya, don har yau ban iya ƙarasa shi ba.

Ina da albishir: Sifana ya warke, ko ya kusa. Kwanakin farko yana ta nishi da ƙaramin kuka, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Amarya, ko dai ki bari a kai shi a yi masa allurar hutu? Kare mai ƙafa uku gadin me zai yi, gadin bargo?" Na ce mata amanar mai gida ce. Ta ce to, Allah ya ba mai gida lafiya ya zo ya ga amanarsa tana tsalle kamar kwaɗo.

Amma yanzu ya yi shiru. Ba kuka, ba nishi. Ya ja jiki ya koma bayan buhunan gawayi, ya juya fuska bango, ya kwanta abinsa. Da na ga haka sai na daina ba shi ƙwayoyin, don dama suna sa shi layi kamar mashayi, kuma na taɓa karantawa yawan magani yana lalata ciki. Abincin ne dai bai cika ci ba, yana kuma haki da harshe waje ko da ba zafi. Ina jin kewarka ce.

Ka tambaye ni wurin yankan. A'a, har yanzu. Jiya zanen ya zame, na ga dungulmin yana motsi shi kaɗai, yana karkarwa kamar mai rai dabam. Na fita da gudu har na yi tuntuɓe da bokiti. Yadda za a zauna da abu haka a gida kullum, ban sani ba.

Rubutunka ya karkace, ba kamar wanda kake yi a allon gareji ba. A kwance kake rubutu? Yaushe za a sallame ka?

Ina gaida Yaya.
Matarka mai kewarka.

*

'Yar Littafi,

Salam. Na gode da kula da shi.

Sallama ba yanzu ba. In zaman kaɗaici ya dame ki, ki koma gida wajen Mama ki zauna, ba zan ga laifinki ba. Ko da zaman ya yi tsawo. Sifana kuma ki ba direba ya san yadda zai yi da shi.

Ni lafiya lau. Ba abin da ke min ciwo.

Mijinki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙoƙari, ya mai jiki? Yaya, wannan taki ce ke kaɗai, na roƙi direba ya ba ki a hannu.

Shekaranjiya na kusa kashe karen ƙaninki. Na shiga da kwano na tarar ko kai bai ɗaga ba, jikinsa na ɓari, idanunsa a buɗe suna kallon bango. Na kira likitar dabbobi ina kuka. Da ta zo ta ga ƙwayoyin a kan taga kusan yadda ta bar su, sai ta cire tabarau ta dube ni.

"Wa ya ce ki daina?"

Na ce, "Ai ya daina kuka."

Ta ce, "Ke in kika ƙone da mai a kicin, sai unguwa ta ji. Shi ba haka yake ba. In ciwo ya kai masa maƙura ɓuya yake yi, ya yi shiru, ya ƙi abinci, ya yi ta haki. Shirun nan da kika ji daɗinsa, shi ne ihunsa."

Na ce ko in ƙara masa da nawa maganin ciwon kai ya yi saurin aiki. Ta ce in na kuskura, in haƙa rami tukuna, maganin mutum guba ne gare shi. Ta yi masa allura, ta ce magani kan lokacinsa ake ba shi, kafin ciwon ya taso, ba sai ya roƙa ba, don ba zai roƙa ba.

Sannan ta ce in durƙusa. Na durƙusa. Ta yaye zanen, ta ce, "Kalla. In ba ki kalla ba, ranar da zai yi ruwa ko ya yi wari wa zai gani?" Na kalla. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen ɗinkin da tsumma mai sanyi. Wurin da ɗumi, yana bugawa a hankali. Ban mutu ba. Ta koya min yadda zan zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa in tallafe shi ya fita tsakar gida.

Yau da safe dungulmin ya sake karkarwar nan da ta kore ni. Wannan karon na tsaya. Sai na ga yana karkatar da kai gefen hagu. Ashe kunnensa ke ƙaiƙayi, yana so ya sosa da ƙafar da babu. Na miƙa hannu cikin mazurarin na sosa masa. Ya lumshe ido, ya sauke wani dogon numfashi, ya ɗora haɓarsa a gwiwata.

A nan zaune na tuna takardar ƙaninki ta ƙarshe. Mutumin da in ƙusa ta soke shi sai ya yini yana ba da labari, babbar mota ta bi ta kansa ya ce ba abin da ke masa ciwo? Ya ce in koma gidanmu. Ya ce in ba da karen da yake raba tsokar namansa da shi. Yaya, wannan ba juya fuska bango ba ne?

Don Allah, don darajar iyaye, me ya samu mijina? Tun ranar nake ajiye da takalminsa ƙafa ɗaya, kuma ba wanda ya tambaye ni shi.

Ƙanwarki.

*

Amarya,

Wa alaikumus salam. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ki yi haƙuri da abin da za ki gani. Na so in faɗa miki a waya, amma da na ji muryarki sai na kasa.

An yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, tun washegarin da muka zo. Ya hana ni faɗa. Da takardarki ta farko ta zo ya karanta wajen aman nan da zanen da kike jefawa, sai ya ninke ta ya sa ƙarƙashin filo, ya juya bango. Da ta biyu ta zo, ya rubuta min a bayan kwalin magani: "Yarinyar da ta saba da jarumai, me za ta yi da ni?" Na ce masa kai dai sakarai ne tun kana yaro, da ƙafa biyun ma wane jarumi ne kai, mai baƙin mai har cikin kunne? Bai yi dariya ba.

Ba laifinki ba ne, ba ki sani ba. Amma ki san halin da ake ciki. In nas ta zo da allurar ciwo sai ya girgiza kai, wai ba ya jin komai, alhali zufa ta jiƙa zanen gado, yana damƙe ƙarfen gadon har jijiyoyin hannunsa su tashi. Abincin da ake ba shi ta bututun roba ma ya fara turewa. Wani lokaci sai in ga ya miƙa hannu zai sosa tafin ƙafar, ya tarar da katifa. Likita ya ce in bai ci ba, bai yi barci ba, ciwon ba zai haɗe ba, kuma ba ya son launin da bakin ɗinkin ya fara yi.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na gaji. Ba zan ce ki zo ba, ba zan ce kada ki zo ba. In za ki zo ki yi amai a gabansa, gara ki zauna. Ke kika san abin da idonki zai ɗauka.

Yayarku.

*

Maigidana,

Assalamu alaikum.

Na sani. Kada ka yi wa Yaya faɗa, dama ba ka da bakin yi.

Har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma safe da yamma ni nake wanke wa Sifana wurin da hannuna, kuma jiya ya taka har bakin ƙofa ba tawul, ya yi wa maƙwabciya haushi. Likitar ta yarda ta riƙe shi a wajenta, na nuna mata kunnen da ake sosawa.

In nas ta zo yau, ka miƙa hannu a yi maka allurar. Kada ka rufe ƙafar da zane saboda ni.

Ba zan koma gidan Mama ba. Na kulle gareji da babban kwaɗo. Gobe zan shigo bas ɗin farko.

Matarka.