Gilashin da Kaka Ya Wanke

Zuwa ga jikata 'Yar Boko,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Tela maƙwabcina ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Babanki ya ce kin roƙa in sa ki cikin jerin maginan tukwane na gidanmu. A'a. Kin san yadda nake jero su: Mai Baƙin Yumɓu, sai ɗansa Gurgu wanda ya fara cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar ƙofofi, tukunya ta riƙa tace ruwa. Sai Bahago ubana, sai ni. Daga ni shiru, tunda babanki tuƙin mota ya zaɓa. Duk wanda ya shiga jerin nan sai da ya miƙa wa babba abin da ya fara fitowa lafiya daga wutarsa. Ke mai farar riga da safar hannu, me kika taɓa gasawa?

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki

Zuwa ga Tsoho mai rigima,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya ƙafa? A gaishe da Tela.

Kaka, aikin Gurgu nake yi, sai dai ƙaiƙayina sabulu ne. Nakan haɗa wani irin sabulu da ruwan ƙarfen da ake kira titaniyam, in shafa a gilashi, shafin bai kai kaurin gashi ba. Yana bushewa sabulun ya jera kansa layi-layi, ƙarfen ya daskare kewaye da shi. Sai tanderu. Wuta ta cinye sabulun ta bar ƙofofin da ido ba ya gani, irin waɗanda muke so su tace ruwan sha. In na gaggauta wuta ƙofofin su rushe, in ɗakin ya yi laima shafin ya tsage. Na zubar da lalatattu cikin kwando guda kafin wannan da na naɗo maka a auduga. Shi ne na farko da ya fito lafiya. Malamata ta so a ajiye shi, na ce na babba ne.

Ka huta lafiya.
Jikarka

'Yar Boko,

Ina amsawa. Saƙo ya iso. Na ɗaga shi a rana, sai ga shi yana walƙiya, shuɗi-shuɗi, ja-ja, irin kumfar bakin kwata. Na ce yarinyar nan wutarta ba ta gama cin sabulun ba, ga shi nan kwance. Ban so kowa ya gani ya yi mana dariya, sai na zauna bakin famfo da soso da yashi na wanke miki shi tas. Yanzu har fuskar Tela ina hangowa ta ciki. Ƙofa kam ban ga ko ɗaya ba. Tela yana ta cewa in dakata in tambaye ki. Na ce ya kula da allurarsa, tun ba a haife shi ba na san ɗanyen gashi.

Ki ƙara wuta. Na gode da gilashi.
Kakanki

Kaka,

Ina gaisuwa. Wayyo Allah, Kaka! Launin nan shi ne aikin! Ba sabulu ba ne, haske ne ke wasa a kan shafin saboda tsabar rashin kaurinsa. Abin da ka kankare da yashi shi ne tukunyata. Na karanta wasiƙarka a tsaye gaban tanderu, na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, daga baya na shiga bayan ƙofa na share hawaye. Zan iya yin wani, hannuna ya riga ya gane. Amma na fari ɗaya ne, kuma ya bi ruwan famfo. In sharaɗin kenan, shi kenan, a rufe jerin a kanka.

Allah ya ƙara lafiya.
Jikarka

Jikata,

Ina gaishe ki. Kada ki jira in ce na yi kuskure, wanda bai rubuta a jikin kaya "kada a wanke" ba shi ke da laifi. Amma na tuna wani abu. Sabulu kam, da ruwa kawai yake fita. Wannan kuwa sai da na gurza har kafaɗata ta riƙe, yau ma da man zafi na tashi. Abin da ya gagari sosona haka, wuta ta ratsa shi. Kuma ya shigo hannuna, sharaɗi ya cika, abin da na yi da shi ba ruwan kowa.

Jiya masu sayen tukwane sun zauna a rumfa, na jero musu: Mai Baƙin Yumɓu, Gurgu, Bahago, ni, sai Mai Sabulu. Suka ce wace ce? Na ce wadda ƙofofinta sun fi ƙarfin idonku. Tela ya ce muryata ta yi rawa. Ƙarya yake, tari ne.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki