Askar Baba

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya Ikko, ya aiki, ya Hadiza da yara? Ya wurin ɗinkin da anka yi maka a ciki, ya bar ciwo? Mu nan Ƙofar Marke lahiya lau.

Jikin Baba da sauƙi, dashen hantar ya zauna. Sai dai allurar riga-kafin ciwon hanta da anka yi mishi ba ta kama ba. Likita ya ce magungunan da ke hana jikinshi ƙin sabuwar hantar su sunka raunana garkuwarshi. Za a sake mishi, mu ma duk gida za a yi muna.

Har askar wanzami an hana shi, tunda kan kowa take bi. Ranar Juma'a da Ummaru wanzami ya zo, na miƙa mishi sabuwar reza. Ranshi ya ɓaci, ya ce, "Ni da na aske shi ranar angoncinshi?" Baba ya dafa cikinshi ya ce, "Ummaru, yi haƙuri. Hantar Bello ce a nan, amana ce." Sai Ummaru ya karɓi rezar da hannu biyu.

Ku ma ku je a yi muku allurar kahin Sallah. Ka sa Baba cikin addu'a, ka gaida Hadiza. Inna na gaisuwa.

Amanarka muna riƙe da ita.

Ƙanwarka,
Asma'u