Waya Tsakanin Rimi da Ɗorawa

Zuwa ga Yaya Tanko,

Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran rubutun mutane a ɗakin ɗab'i a Zariya, ban taɓa rubuta abin da na tabbata ba za a karanta ba sai yau.

An yi sadakar arba'in ɗinka ranar Laraba. Inna tana nan, sai dai ta daina zuwa kasuwa. Matarka Hajo tana takaba, mutanen Kusasu suka yi gayya suka girbe maka dawa. Gida uku sun ƙara tashi daga Tsohon Birni sun koma bakin hanya. Doguwar wayarka ta jan ƙarfe kuwa, wadda ke jawo wa akwatinka sauti, na tarar da bakinta ɗaya a kan rimin ƙofar gida, ɗayan yana kwance cikin ciyawa a gindin ɗorawar bakin daji, tun ranar da ka hau ɗaure ta bayan iskar nan, reshe ya karye da kai. Maƙeri ya zo sau biyu yana neman jan ƙarfen, wai matan Fulani na son awarwaro. Inna ta ce ya jira ƙanin mai ita.

Ka tuna lokacin da Baturen haƙar zinariya ya bar maka akwatin wayar iska, mai karɓar saƙo da aika shi, da zai koma ƙasarsu? Gari ya sa maka suna Tanko mai hira da aljanu. Ni kaɗai ka zaunar ka yi wa bayani: sautin dogon zango ba ya shiga gajeriyar waya, damina tana cika shi da ƙarar tsawa, ba ya washewa sai ruwa ya ɗauke, kuma tsakanin assalatu da hudowar rana ya fi zuwa daga nesa. A nan ka ji Kwaku, mutumin ƙasar Gwalkwas da kuka yi aikin buga waya tare a yaƙin Bama, wanda ya goya ka ya haye kogi da kai ranar da aka harbe ka a cinya. Ka ce ba sunansa ka ji ba, hannunsa ka gane a salon bugun saƙonsa, yadda ni ma nake gane marubuci ko bai sa suna ba. Kowace Lahadi yana kiran duk mai ji ya amsa. Bai san kana raye ba. Kai kuma soja ne, ka ce ba za ka danna ƙarfen buga saƙon nan ka amsa masa ba sai da lasin gwamnati a hannunka.

Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Takardar neman lasin da ka ba ni in sa hannu a matsayin mai tsaya maka, in kai gidan waya, ban kai ta ba. Tana cikin akwatina a ƙarƙashin rigar Sallah, shekara uku ke nan.

Ba wanda ya tsorata ni. Ni na zauna na auna. Shekarar ana sa ido a kan ma'aikata saboda siyasa. Na ce baƙar fata, a bakin daji, da akwatin da ke magana da wata ƙasa, dole wani ya tambayi wa ya sa masa hannu. Na ce bari ƙura ta lafa. Ta lafa, sai kunya ta hana ni, don na riga na gaya maka na aika. Kowace Sallah sai ka tare ni tun daga zaure kana tsokana, wai Malam Boko ya zo da amsar Turawansa ko kuwa har yanzu suna shan shayi. Ni kuma in ce gwamnati ba ta gaggawa. Me ya sa ba ka taɓa zargina ba? Ko ka zarga ka yi shiru don kada ka kunyata ƙaninka?

Inna ta ce cikin kwana tara da ka yi a kwance, sau biyu ka tambaya ko takarda ta zo daga Zariya. Ta gaya mini haka ne don in ji daɗi, wai ka tuna da ni.

Jiya Lahadi. Direban lorin da ke cika maka batir ya cika mini, na ɗaure wayar a ƙaramin reshe iya inda hannuna ya kai. Bayan sallar asuba na kunna akwatin yadda na ga kana yi. Na ji ƙananan kukan nan, gajere da dogo. Akwai ɗaya da yake yi, ya dakata, ya sake, kamar mai sallama a ƙofar gidan da ya san da mutane a ciki. Shi ne? Ban sani ba. Ina karanta boko, ina karanta ajami da Turanci, ina karanta harafin dalma na ɗab'i a juye, amma ko harafi ɗaya na wannan ban sani ba. Sau nawa ka ce in zauna ka koya mini? Na ɗora yatsa a kan ƙarfen, jiya kam ban ji tsoron kowa ba, sai dai ba ni da abin da zan ce masa da shi. Rana ta fito, sautin ya yi ƙasa har ya ɓace.

Zai ci gaba da kira har ya gaji, ba zai taɓa sanin an ji shi ba. Gafararka kuwa a wurinka take, ka tafi da ita.

Na aika wa maƙeri ya zo ranar Juma'a ya sauke wayar. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yi maka sakayya a kaina yadda ya ga dama.

Ni ne ƙaninka da ka amince wa,
Ladan