An Sa Ɗiyata Cikin Firigo Saboda Fim ɗin Gidan Kallonka

Zuwa ga Alhaji mai gidan kallon da ke bayan layinmu, Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gajiya, ina iyali. Alhaji, abin da nike so shi ne ka daina sa fim ɗin nan na Yahudawa da jirgin ƙasa, yau ba gobe ba. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, faɗi nike maƙwabciyata na rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara min magana.

Na farko, abin da ya samu ɗiyata Nana, mai shekara huɗu. Ran Talatar da ta wuce bayan la'asar ina tankaɗe, na neme ta ban gan ta ba. Na zagaya bayan gidan mai ƙanƙara, inda aka yar da mataccen firigon nan mai murfi, sai na ji ana bugawa daga ciki. An ɗora mishi bulo. Da na buɗe, Nana ce, ta jiƙe sharkaf, ta yi fitsari a jikinta, ko kukan ba ya fita. An ɗaura mata leda rawaya a hannu. A likita suka ce da na ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi.

Na biyu, inda yaran suka koyo. Wasa ne wai. Su jera ƙanana, babba ya riƙe kara yana nuna dama da hagu. Na hagu su ne Yahudawa, a ɗaura musu leda rawaya a hannu, wai alamar Yahudawan cikin fim, sai a ce su shiga wanka. Firigon shi ne ɗakin wankan. Ban ga laifinsu sosai ba, yara ne. Ta hudar zanar gidan kallonka suke leƙe, wasu ma yaronka na ƙofa ke shigar da su da rana tsaka.

Na uku, ni ma na je na sa idona a hudar nan, kamar marar kamun kai, don in gani. Alhaji, na ga mata an sauke su daga jirgi kamar awaki. Na ga soja ya ɓamɓare yaro daga jikin uwarshi, tana riƙe da shi yadda nike riƙe Nana. To mai fassarar da aka ɗora wa fim ɗin, dariya yake. Ana aske ma matan kai yana cewa sun samu aski kyauta. Ana tura su ɗakin da za a kashe su da sunan wanka yana cewa su cuɗa da kyau. Ƙattin maza da gemu suna ƙyaƙyatawa har da buga benci. Wallahi da na koma gida sai da na yi amai.

Na yi ma yaronka magana, ya ce ai tarihi ne, da gaske an yi, can ƙasar Turawa zamanin kakanni. To in da gaske an yi, mi ne abin dariya? Wani a bakin ƙofa ya ce ai Yahudawa ne, in dubi abin da ake ma yaran Falasɗinu. Na gani a tele, na yi kuka, har yau ina yi. Amma jinjirin nan na cikin fim wa ya kashe? Ni ban taɓa ganin Bayahude ba, ban san addininsu ba. Uwa dai na gani, kuma na san uwa.

Yau Nana ba ta yarda a yi mata wanka. Ta ji an ce wanka, sai ta ƙanƙame ƙafata. Da tsumma nike goge ta in ta yi barci. Yaran kuma ba su bar wasan ba, jiya na jiyo su suna jera wasu. Ko rijiya ba ni iya zuwa sai da ita a bayana.

Don girman Allah, Alhaji, ka cire wagga fassara. In dole sai an nuna abin da aka yi ma mutanen nan, a nuna ma manya, ba da shaƙiyanci ba. Ka toshe zanar, ka hana yara shiga. Ka sa baki a ɓalle murfin firigon nan, kai ana jin maganarka, ni ba a ji.

Allah ya ƙara maka buɗi na halal, ya tsare maka jikokinka daga abin da na gani.

Kada ka ji a bakin wani ka ce na yi maka ɓoye. Na faɗa ma mai unguwa. Na faɗa ma innata a Tsibiri. Na aika ma baban Nana a gonar rani a Jiratawa, da ƙyar na hana shi tahowa da fushinshi. Na kuma faɗa ma Nana cewa an daina, ba mai sake sa ta a layin hagu. Kada ka maishe ni maƙaryaciya wurin ɗiyata.

Wassalam.

Uwar Nana,
Sabon Gari, Maraɗi.